Daga Nachtigal zuwa Manga Bell: muhawara kan sunan wani dandali a Berlin

Ɗanjuma na Wedding:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina zaune a unguwar Wedding da ke arewacin Berlin, a shiyyar da Jamusawa ke kira Unguwar Afirka, domin titunanta suna ɗauke da sunaye irin su Togo, Kamaru, Kwango, Zanzibar, Gini da Gana. A tsakiyar shiyyar akwai wani dandali mai ciyawa da bishiyoyi, wanda dogayen gidajen haya da aka gina wajen shekarar 1930 suka kewaye, kuma ta gefensa nake bi kullum idan zan je tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Rehberge. Lokacin da na zo, sunansa Nachtigalplatz, kuma na daɗe ina zaton sunan wani ɗan tsuntsu ne mai zaƙin murya da ke kuka da dare, domin da Jamusanci haka ake kiransa, sai dai sunan tsuntsun yana ƙarewa da harafin "l" guda biyu, na dandalin kuwa da guda ɗaya. Ranar 2 ga Disamba 2022 aka cire allon aka kafa sabo mai ɗauke da Manga-Bell-Platz. Wata dattijuwa maƙwabciyata har yau tsohon sunan take faɗa, kuma ta ce mini Nachtigal likita ne mai ilimi wanda bai kashe kowa ba. Na kasa ba ta amsa mai gamsarwa, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Baba Goni Maiduguri:
Wa alaikumus salam, ɗana. Maƙwabciyarka tana da gaskiya a wani ɓangare, kuma mu mutanen Borno mun fi ta sanin mutumin nan. An haifi Gustav Nachtigal a 1834 a wani ƙauye da ake kira Eichstedt, kusa da Stendal. Likitan soja ne, ciwon huhu ya kore shi daga sanyin ƙasarsu zuwa Aljeriya, daga nan ya wuce Tunis, inda ya koyi Larabci ya kuma yi aikin likita a fadar mai mulkin ƙasar. A 1869 aka damƙa masa kyaututtukan da Sarki Wilhelm na Prusiya ya aiko wa Shehu Umar ɗan Shehu Laminu, don godiya bisa karamcin da Borno ta yi wa matafiyan Jamus da suka gabata, irin su Barth wanda aka sani da Abdulkarim, da Vogel, da Rohlfs. Ya tashi daga Tarabulus, ya sauka Murzuk, ya ratsa zuwa duwatsun Tibesti inda da ƙyar ya tsira da ransa, sa'an nan ya biyo hanyar Bilma ya iso Kukawa a watan Yuli 1870, yana amsa sunan Idris Effendi. Cikin kayan da ya kawo akwai karagar mulki, da hotunan sarkin da iyalinsa, da bindigogi. Shehu ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya ba shi kariya ya zaga Kanem da Borku da Bagarmi, daga baya ya shiga Wadai inda aka kashe Vogel a 1856, ya fita lafiya ta Darfur har Alƙahira a ƙarshen 1874.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne littafinsa mai juzu'i uku a kan Sahara da ƙasar Sudan. Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, kuma mai son sanin yadda garin yake kafin rushewar, da kasuwarsa ta ranar Litinin, da tsarin fada, da yadda birnin gabas na sarauta ya bambanta da birnin yamma na talakawa da fatake, dole ya leƙa abin da mutumin nan ya rubuta. Na koyar da tarihi shekaru masu yawa, kuma ban taɓa koyar da Borno ta ƙarni na 19 ba tare da na ambace shi ba. Don haka raina bai yi daɗi ba da na ji an haɗa shi a layi ɗaya da irin su Carl Peters, Bajamushen da ya yi ƙaurin suna da zalunci a mulkin mallaka a gabashin Afirka.

Hajiya Asabe Duwala:
Baba Goni, Allah ya ƙara maka lafiya. Ban musa ko kalma ɗaya daga abin da ka faɗa ba, amma labarin da ka bayar ya tsaya a 1874, alhali mutumin ya ƙara shekara goma da 'yan kai a duniya, kuma a cikinsu ne ya yi aikin da ya sa aka ba dandalin sunansa. A 1884 Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya naɗa shi kwamishinan daular Jamus a gaɓar yammacin Afirka, ya hau jirgin ruwan yaƙi mai suna Möwe. Ranar 5 ga Yuli ya ƙulla yarjejeniyar da ta sa Togo ƙarƙashin Jamus, ranar 14 ga Yuli kuma ya ɗaga tutar Jamus a nan bakin kogin Wouri, a garin Duwala na Kamaru da nake rubuto muku daga cikinsa. Ƙaramin jakadan Ingila, Hewett, ya iso bayan 'yan kwanaki ya tarar an riga an gama. A watan Oktoba Nachtigal ya wuce kudu maso yammacin Afirka, ƙasar da yau ake kira Namibiya, ya ba da goyon bayan daula ga filayen da ɗan kasuwa Lüderitz ya saya daga shugaban mutanen Nama na Bethanie. A cinikin nan an rubuta mil, masu ƙasa suka ɗauka mil ɗin Ingilishi ne wanda bai kai kilomita biyu ba, shi kuwa mai saye yana nufin mil ɗin Jamus wanda ya haura kilomita bakwai. Duk wannan ya faru kafin a buɗe taron Berlin na rabon Afirka a Nuwamba 1884, wato Jamus ta shiga taron ne riƙe da ƙasashen da wannan likita ya karɓo mata.

Baba Goni Maiduguri:
'Yata, na san wannan babin, ban ɓoye shi ba. Amma ɗan aike ne, kuma da bai je ba da an aiki wani. Sarakunan Duwala ma da hannunsu suka sa wa takardar yarjejeniyar alama, ba da bakin bindiga ba. Nachtigal ya rasu a kan teku a watan Afrilu 1885, bai yi shekara guda da ɗaga tutar ba, saboda haka bulala da aikin tilas da kisan ƙabilun Herero da Nama a Namibiya duk bayansa suka zo. Shin adalci ne a ɗora wa mutum laifin abin da aka aikata yana cikin kabari?

Malama Rakiya:
Baba, ina neman afuwa in sa baki, ni ɗaliba ce a gabanka. A ganina tambayar da za ta warware mana ita ce: waɗanda suka raɗa wa dandalin suna, me suke girmamawa? An ba shi sunan Nachtigal a 1910. Kafin nan an riga an buɗe titin Togo da titin Kamaru a 1899, an sa titin Lüderitz a 1902, sa'an nan aka yi ta jera sunayen garuruwan mallaka irin su Swakopmund da Windhoek. Unguwar gaba ɗaya taswirar daular mulkin mallaka ce da aka shimfiɗa a kan tituna, domin duk ma'aikacin da ya fito daga gidansa ya tuna cewa ƙasarsa tana da rabo a Afirka. Aka ɗauki mutumin da ya kafa tuta a Togo da Kamaru aka ajiye sunansa a daidai inda titin Togo ke ratsawa. Babu titin Kukawa a wurin, babu titin Borno, babu titin Wadai. Da littafinsa ake yabawa, da a kusa da jami'a ko ƙungiyar masana ƙasa za a tuna da shi. Saboda haka sunan da aka cire na kwamishinan 1884 ne, Idris Effendi na fadar Shehu Umar kuwa ba shi aka karrama ba tun farko, kuma littafinsa yana nan a ɗakunan karatu, babu wanda ya taɓa shi.

Malam Isuhu Damagaram:
Malama Rakiya ta taɓo inda gizo ke saƙa. Ina so in ƙara wa Baba Goni abu guda game da cewa ba da bakin bindiga ba ne. Ba dukan shugabannin Duwala ne suka yarda ba. Lock Priso na Bonaberi, wanda Turawa ke kira Hickory Town a lokacin, ya ƙi amincewa, kuma a watan Disamba 1884 jiragen yaƙin Jamus ƙarƙashin Admiral Knorr suka yi wa garinsa luguden wuta, aka ƙone shi. Nachtigal yana raye, yana riƙe da muƙaminsa. Max Buchner, wanda ya bari a matsayin wakilinsa a can, shi ya ɗauke sassaƙaƙƙen katakon goshin kwalekwalen sarauta daga gidan Lock Priso, kuma katakon ya ƙare a gidan kayan tarihi na Munich, jikokin Lock Priso suna ta neman a mayar musu. Wata biyar kacal tsakanin tuta da igwa. Kuma Baba ya fi ni sanin cewa tutar da aka ɗaga a bakin teku ita ce ta yi ta hawowa arewa har ta kai Garwa da Marwa a 1901 da 1902, har Dikwa ta faɗa rabon Jamus, aka tsaga Borno kanta tsakanin Ingila da Faransa da Jamus. Gidan da ya sauke baƙo a 1870, shekara talatin da biyu bayan haka ya ga 'yan'uwan baƙon sun zo da ma'auni suna raba shi.

Ɗanjuma na Wedding:
Na gode ƙwarai. Yanzu na fahimci tsohon sunan. To shi Manga Bell fa, wane ne, kuma me ya sa aka zaɓe shi? A ranar bikin na ga jama'a da dama cikin tsananin sanyi, wasu da kayan sarautar gargajiya daga Kamaru, aka rufe allon da ƙyalle aka yaye shi ana tafi, amma Jamusancina a lokacin bai kai in bi jawaban ba.

Hajiya Asabe Duwala:
Ƙanena, bari in ba ka shi da ɗan tsawo, domin a nan ne sunaye biyun suka haɗu. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 12 ga Yuli 1884 tsakanin sarakunan Duwala da wakilan kamfanonin Hamburg guda biyu, Woermann da Jantzen & Thormählen, wadda Nachtigal ya karɓa da sunan daula bayan kwana biyu, tana da sharuɗɗa. Ɗaya daga cikinsu ya ce ƙasar da mutane ke nomawa da wadda garuruwansu ke kai za ta ci gaba da zama mallakinsu da ta magadansu. Cikin masu sa hannu akwai Sarki Ndumbe Lobe Bell. Rudolf Duala Manga Bell jikansa ne. An tura shi Jamus yana saurayi a 1891, ya zauna da wani iyali a garin Aalen, ya yi makaranta a can da kuma Ulm, ya dawo yana jin Jamusanci kamar ɗan ƙasa, ya kuma san dokokinsu. Ya gaji mahaifinsa a 1908, kuma a farkon sarautarsa babu wanda zai kira shi maƙiyin Jamus.

A 1910, wato shekarar da Berlin ke raɗa wa dandalinku sunan Nachtigal, hukumar mulkin mallaka a Duwala ta fito da shirin tashin mutanen gari daga bakin kogi, inda tashar jiragensu da kamun kifinsu da kasuwancinsu da kaburburan kakanninsu suke, a mayar da su can cikin tudu, a bar bakin ruwa ga Turawa, a kuma bar fili mai faɗin kilomita ɗaya babu gini tsakanin unguwannin biyu. Hujjar da aka bayar ita ce zazzaɓin cizon sauro, wai zaman baƙar fata kusa da Bature ne ke kawo masa ciwo. Manga Bell bai ɗauki makami ba. Ya ɗauko yarjejeniyar 1884 ya ce ga abin da kuka rubuta. Ya aika takardun koke zuwa majalisar dokokin Jamus ta Reichstag, ya nemi lauyoyi da 'yan jarida da 'yan majalisa masu adawa a Berlin, kuma da aka hana shi tafiya, sai ya tura magatakardansa Adolf Ngoso Din a ɓoye. A 1913 aka fara ƙwace filayen, aka kuma tsige shi daga muƙaminsa. A 1914 labari ya kai ga hukuma ta hannun Sarkin Bamun, Njoya, cewa an aiko masa manzo ana neman haɗin kai a kan Jamus, sai aka kama Manga Bell da Ngoso Din bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a farkon Agusta, aka yi musu shari'ar gaggawa ranar 7 ga wata, aka rataye su ranar 8 ga Agusta 1914, duk da roƙon da malaman mishan suka yi wa Gwamna Ebermaier. A ranar ce kuma aka harbe Martin-Paul Samba, wani ɗan Kamaru da shi ma Jamusawa suka tuhuma da cin amana, a Ebolowa. Kafin ƙarshen Satumba sojojin Ingila da Faransa sun karɓe Duwala.

Unguwar da Jamusawa suka shata don zuba mutanen Bell ita ce New Bell, kuma a cikinta Hausawan Duwala suka kafa zangonsu, a nan aka haife ni. Duk lokacin da na rubuta adireshina, sunan wancan tashin nake rubutawa. Dandalin naku kuma ba Rudolf kaɗai aka ba ba, har da matarsa Emily, wadda ta riƙe 'ya'ya bayan kisan, ta ci gaba da neman a wanke sunan mijinta. Ɗansu Alexandre ya zama ɗan majalisar dokokin Faransa bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Baba Goni Maiduguri:
Allah ya jiƙan mazan jiya. Ban san sharaɗin filayen nan dalla-dalla haka ba, kuma na yarda cewa wanda aka rataye saboda ya riƙe Jamus da maganarta ya cancanci dandali a babban birninta. Amma Berlin ba ta rasa filaye ba. Me ya hana a ba shi sabon dandali, a bar tsohon da allon bayani a ƙarƙashinsa, wanda zai faɗi Kukawa ya kuma faɗi Duwala? Tsorona shi ne yaron da zai tashi a unguwar nan bayan shekara ashirin ba zai taɓa tambayar wane ne Nachtigal ba, kamar yadda Ɗanjuma ya tambaya.

Malama Rakiya:
Baba, Ɗanjuma da kansa ya ce ya yi shekaru yana zaton tsuntsu ne, kuma sai da aka cire allon ya tambaya. Sunan ya yi shekara 112 a wurin bai koya wa mazauna komai ba. Sa'an nan an taɓa gwada hanyar barin suna a sauya ma'anarsa a wannan unguwar, ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Gwamnatin Nazi ta raɗa wa wani titi da ke shiga dandalin sunan Carl Peters a 1939, mutumin da ita kanta daular Jamus ta kora daga aiki a 1897 saboda ya sa an rataye wata yarinya da wani baransa a yankin Kilimanjaro. A 1986 hukuma ta ce daga yau Peters ɗin da ake nufi wani ne dabam, Hans Peters, masanin shari'a da ya yi adawa da Nazi, aka liƙa ƙaramin allo aka ce an gama. Amma titin yana nan tsakanin Nachtigal da Lüderitz da Togo, kowa ya san Peters ɗin da aka yi dominsa. Sai a Agusta 2024 aka raba shi biyu, sashe ɗaya ya koma Maji-Maji, don tunawa da yaƙin da aka yi da Jamus a Tanganyika daga 1905, ɗaya kuma Anna Mungunda, 'yar Namibiya da aka harbe a Windhoek a 1959. Titin Lüderitz kuwa, a rana ɗaya da dandalin, ya koma sunan Cornelius Fredericks, jagoran Nama da ya rasu a sansanin tsare fursunoni na Jamus a tsibirin Shark na Namibiya a 1907.

Malam Isuhu Damagaram:
Don kada a ce mun karkata gefe ɗaya, ya kamata a faɗi cewa masu sauya sunan ma sun yi tuntuɓe. Kwamitin farko da gundumar Mitte, wadda Wedding ke cikinta, ta kafa ya kawo sunaye a 2017, ciki har da Yaa Asantewaa ta Asante da Sarauniya Nzinga ta Angola, sai aka yi ca a kansu, domin Nzinga ta yi cinikin bayi, kuma dukansu biyu ba da Jamus suka yi faɗa ba. Dole aka koma aka nemi shawarar masana, majalisar gunduma ta yanke hukunci a 2018, mazauna da 'yan kasuwa suka shigar da ƙorafe-ƙorafe da ƙararraki, abin ya ɗauki shekara huɗu kafin a kafa allo. Ni a wurina wannan gyaran shi ya ba sabon sunan nauyi, domin an dawo an zaɓi mutumin da tarihinsa ke ɗaure da takardar da Nachtigal ya karɓa da hannunsa.

Ɗanjuma na Wedding:
Game da ƙorafin mazauna, zan yi musu shaida a kan abu guda. Abokina da ke zaune a bakin dandalin ya sha wahala wajen sauya adireshi a katin zama da banki da inshora, kuma wata muhimmiyar wasiƙa daga wani ofishi ta koma inda ta fito saboda an rubuta tsohon suna, sai da ya yi sati uku yana zarya. Ga tsoho mai shekara tamanin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai an bar tsohon allon na wani lokaci a ƙarƙashin sabon, an ja masa jan layi, kuma na sha ganin mutane sun tsaya suna karanta sunayen biyu, yara suna tambayar iyayensu.

Baba Goni Maiduguri:
To, na sauka daga rabin matsayina, ban sauka daga duka ba. Na karɓi hujjar Malama Rakiya cewa wanda aka karrama a 1910 kwamishina ne. Abin da nake riƙe da shi har yanzu shi ne, idan ana ba yaran Berlin labarin, a gaya musu cewa mutumin nan ya ci abincin Shehu Umar, ya ga farautar bayi a Bagarmi da idonsa a 1872 ya rubuta ta ba tare da ya ƙawata ta ba, ya san cewa ƙasashen nan suna da sarakuna da alƙalai da malamai, kuma duk da wannan sanin ya karɓi aikin 1884. Wannan ya fi nauyi a kansa fiye da a ce jahili ne, kuma ni ma sai yau na auna shi ta wannan fuskar. Hajiya, ina da tambaya: na taɓa karanta cewa a garinku aka binne shi. Haka ne?

Hajiya Asabe Duwala:
Haka ne, Baba. An fara binne shi a Cape Palmas, a gaɓar Laberiya, bayan 'yan shekaru aka tono shi aka kawo Duwala, aka gina masa hasumiyar tunawa a Bonanjo, a tudun da Jamusawa suka kafa gidan gwamnati. Tana nan tsaye har yau. Daga wurinta, tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa gidan sarautar Bell mai rufi hawa-hawa da ake kira La Pagode, wanda mahaifin Rudolf ya gina, da kuma tsohon ofishin 'yan sandan Jamus inda aka rataye Rudolf. Duk ranar 8 ga Agusta mutanen Duwala suna taruwa a unguwar don tunawa da shi, suna kiransa Tet'Ekombo, wato uban ƙasa. Idan Allah ya kawo ka, Baba, zan kai ka wuraren uku da safe ɗaya, kafin rana ta yi zafi.